Mene ne yawon keke a kan tsaunuka?

Yawon keke mai dogon zango shi ne mutum ya ɗaure tanti, tukunya da kayan gyara a jikin kekensa, ya yi makonni yana taka feda. Hanyar Famir, wadda ta haɗa Tajikistan da Kirgistan, tana cikin fitattun hanyoyinsa. Ta haura mashigin Ak-Baital mai tsayin mita 4,655, wato gurbin da hanya ke ratsawa tsakanin ƙololuwa biyu. Iskar shaƙa a can ba ta kai kashi 60 cikin 100 na ta bakin teku ba, har matuƙi kan sauka ya tura keken yana haki.

Masu suka na cewa ganganci ne, domin ciwon tsauni, da ke farawa da ciwon kai da amai, yana iya kisa. Gaskiya ne, amma galibi gaggawar hawa ce ke jawo shi. Likitoci na shawartar wanda ya wuce mita 3,000 kada ya ƙara fiye da mita 500 a tsayin wurin kwanansa kowace rana, kuma mai keke ya fi mai mota iya kiyaye wannan. Tafiyar sannu tana kuma amfanar iyalan garin Murgab da ke kan hanyar Famir, waɗanda ke saukar da matafiya a gidajensu suna samun na cefane.