Dabino ba ya jiran alƙali

A garkokin Iferwan da ke Nijar, idan maƙwabta biyu suka yi jayayya kan dabinon da ya tsaya a kan iyaka, shari'a na iya kai shekara, alhali nonon dabino makonni kaɗan ke gare shi. Alƙali ya ba ɗaya gaskiya, ɗayan ya ɗaukaka ƙara. Kafin kotun sama ta zauna, an sauke dabinon, an kai shi kasuwar Arlit, kuɗin sun shiga tukunya. Ko mai ƙara ya yi nasara daga baya, itace kawai zai tarar.

Wannan ne ya sa ake roƙon kotu ta ba da umarnin gaggawa. A wannan zaman alƙali ba ya neman mai itacen. Abin da yake aunawa shi ne ko ƙarar tana da tushe, da wanda zai yi asarar da kuɗi ba za su mayar ba, da kuma wanda jira zai fi cutarwa. In zai yiwu, sai ya ce a sauke dabinon a ajiye a hannun amintacce.

Haka kotun sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya ta yi a watan Satumba 2025, lokacin da ta umarci Nijar kada ta sayar da uraniyom ɗin kamfanin Somaïr na Arlit sai an gama shari'arta da kamfanin Orano na Faransa. Gwamnati, wadda ta mayar da Somaïr mallakar ƙasa a watan Yuni na shekarar, ta ce ma'adinin nata ne. Kotun kuwa ba ta da ɗan sanda ko ɗaya.

A Kano matsalar daban ce. A Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da ya ƙalubalanci mayar da Muhammadu Sanusi II kan sarauta, a Maris kuma ta dakatar da aiwatar da nata hukuncin har Kotun Ƙoli ta yi magana, ta ce a bar komai yadda yake. Kowane ɓangare a rikicin sarautar ya ce shi ake nufi.

Nan ne gizo ke saƙar. "Yadda yake" a wace rana? Kafin a hau itacen, ko bayan an cika buhu? Alƙalin da bai faɗi ranar ba, bai kuma ambaci mai riƙon amanar ba, ya bar dabinon ne a hannun wanda ya riga ya hau.