Daga "Nawa Ne?" Zuwa Kafin Alƙalami: Nazari Kan Tallan Masu Aikin Gida a Facebook da Instagram

Duk mai buɗe Facebook ko Instagram a Kano, Kaduna ko Abuja a 'yan shekarun nan ya saba ganinsu: matashi a kan rufin kwano yana ɗaure faifan sola, injin haƙa burtsatse ruwa na tsartuwa sama, falon da aka yi wa sili da tayil yana ɗaukar ido. A ƙasan kowane bidiyo akwai maɓallin da ke kai mutum WhatsApp kai tsaye. Kuɗi aka biya kafin waɗannan hotuna su iso gaban mai kallo, kuma masu biyan su ne irin mutanen da a da iyakar tallansu lambar waya ce da aka rubuta da fenti a jikin katangar wani kango. Abin da ya kamata a duba shi ne me ya tura su can, me kuɗin ke sayo musu, kuma me aka rasa a hanya.

Sana'ar haɗa sola ce ta fi nuna lamarin a fili, domin buƙatarta ta zo da gudu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan kowane yunit. Sai kuma duhun Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta bar yawancin jihohin Arewa kwanaki da dama ba lantarki. Magidanta da ba su taɓa tunanin batir da inbata ba suka shiga nema, kuma yawancinsu ba su san kowa a wannan sana'a ba. Magini ko kafinta kowace unguwa tana da nata, an san ubansa, an san shagonsa. Mai haɗa sola kuwa baƙo ne. Ga kuma sababbin unguwannin bayan gari, inda maƙwabci ya tare watanni uku da suka wuce, shi ma tambaya yake yi. Inda babu wanda za a tambaya, waya ake tambaya.

Kayan aikin ma sun riga sun jira. Facebook ya fito da tallan da ke ɗauke da fom ɗin cike suna da lamba a 2015, amma wanda ya karɓu a wajenmu shi ne wanda ya zo a ƙarshen 2017, mai buɗe hira a WhatsApp da taɓawa ɗaya, sai manhajar WhatsApp Business ta biyo baya a farkon 2018. Dalilin karɓuwarsa ba ɓoyayye ba ne. Ba a buƙatar shafin intanet, ba a buƙatar Turanci, ba a ma buƙatar rubutu, tunda saƙon murya ya wadatar. Bahaushe kuma ciniki yake so, ba farashin da aka kafe a allo ba. Da kuɗin da ba zai sayi daƙiƙu kaɗan a rediyo ba, mai sana'a zai iya sa digo a taswira ya ce a nuna tallansa ga mazauna kilomita kaza daga nan. A gefe guda kamfanin ya daɗe yana rage yawan mutanen da ke ganin abin da shafukan kasuwanci ke ɗorawa kyauta, musamman tun sauyin da ya yi a Janairun 2018. Mai mabiya dubu goma sai ya ga 'yan ƙalilan ne suka ga aikinsa. In yana son sauran, ya biya.

To, me ake saya? Nan ne yawancin masu sana'a ke ruɗuwa. Meta, uwar Facebook da Instagram da WhatsApp, gwanjo take yi a duk lokacin da gurbin talla ya buɗe a wayar wani. Tana duba kuɗin da mai talla ya taya, da hasashenta na yiwuwar wannan mutumin ya aikata abin da ake so, da ingancin tallan kansa. Abin da aka ce mata ta nemo, shi take nemowa a farashi mafi sauƙi. Wanda ya ce yana son saƙonni, za ta kawo masa mutanen da suka fi kowa saurin tura saƙo, kuma waɗannan ba lallai su ne masu gida da kuɗin sola ba. Daga nan ne ake samun ambaliyar "nawa ne?" da "ina ne shagonku?" daga ɗalibai, da masu kallon kasuwa, har da abokan sana'a masu leƙen farashi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, an tambaye ta saƙo ta kawo saƙo. Ƙari a kan haka, kamfanin da kansa yana cewa talla na buƙatar sakamako kusan 50 a cikin mako guda kafin tsarin ya gama gane irin mutanen da ya dace ya bi. Mai ƙaramin jari da ke kunna talla kwana biyu ya kashe, ya sake kunnawa in ya samu canji, kullum a matakin koyo yake biya.

A ɗauki lissafi na misali kawai. Mutum ya zuba naira 60,000, saƙo 120 ya shigo, kowanne ya tashi a kan 500. Ya yi murna. Cikinsu 20 ne suka wuce tambayar farashi, 6 suka ce a zo a duba gida, 2 suka ba da kafin alƙalami. Ainihin kuɗin samun aiki ɗaya 30,000 ne, ba a sa man zuwa gidaje shida da datar amsa saƙonni ba. Ga mai haɗa solar miliyan biyu wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai gyaran famfon da aikinsa na yini bai wuce 10,000 ba, asara ce tsantsa. Shi ya sa tallan ya fi cika da ayyuka masu tsada, waɗanda ake shiryawa tun da wuri kuma suke kyau a kyamara: sola, burtsatse, sili, fenti, tayil, feshin maganin ƙwari. Wanda bututu ya fashe wa da tsakar dare ba zai zauna jiran talla ta gifta ba, lambar da ke wayarsa ko ta maƙwabci zai kira.

Sai batun sauri. Wani bincike da mujallar Harvard Business Review ta buga a 2011 ya gano cewa kamfanonin da suka tuntuɓi mai tambaya cikin sa'a guda sun fi waɗanda suka ƙara ko da sa'a ɗaya damar yin magana mai ma'ana da shi kusan sau bakwai. A Amurka aka yi binciken, amma halin mai saye ɗaya ne: wanda ya taɓa talla ɗaya, na'urar za ta jero masa wasu irinta nan take, kuma wanda ya fara amsawa shi ke riƙe shi. Matsalar ita ce gwanin aiki yana kan rufi da sukundireba a hannu lokacin da saƙon ke shigowa. Wannan giɓi ne ya haifar da sabon ɗan kamasho, mai shafi da waya mai kyau da iya magana, wanda bai taɓa murɗa wayar wuta ba. Shi ke biyan talla, shi ke yanka farashi, sannan ya kira mai aikin hannu ya ba shi kuɗin yini. A Amurka wannan dillanci ya zama babbar masana'anta, kuma ƙarshensa bai yi daɗi ga kowa ba: a Janairun 2023 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta umarci kamfanin HomeAdvisor ya biya har dala miliyan 7.2 bisa zargin yaudarar masu sana'a kan ingancin lambobin kwastomomin da yake sayar musu.

Amma abin da ya fi nauyi a nan ƙasar Hausa amana ce, kuma ita talla ba ta sayar da ita. Aikin gida ba kamar sayen takalmi ba ne. Namiji baƙo ne zai shiga cikin gida, wani lokaci har uwar ɗaka, ya ga inda ƙofa take da inda kaya suke, a gidajen da aka rubuta "ba shiga" a zaure. Sau da yawa uwargida ce ke ganin tallan, ita zafi da duhu suka fi damu, ita ke tura wa maigida bidiyon. Shi kuma tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya san shi?" A tsohon tsari amsar tana nan. Mai shagon kayan gini a Ƙofar Ruwa ko mai kayan wuta a Sabon Gari shi ke cewa ga yarona, in ya ɓata aiki ka dawo wurina. Ya ci la'adarsa, amma ya sa sunansa jingina, kuma gobe yana nan a shagon. Meta tana karɓar la'adar, ba ta tsaya wa kowa. Ba ta tambayar mai talla takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wutar lantarki. Dokar hukumar kula da talla, ARCON, ta 2022 ta ce a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet, sai dai babu wanda zai ce da gaske ana bin kowane matashi mai talla daga ɗakinsa.

Sakamakon yana faɗawa kan masu gaskiya. Bidiyon aikin wani ana iya sauke shi a ɗora a matsayin na kai. Ana karɓar kafin alƙalami a rufe layi. Kowane labari irin wannan yana sa mai saye na gaba ya ƙara ɗari-ɗari, sai mai aikin kirki ya ƙara kashe kuɗi da lokaci kafin a yarda da shi. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Da yake mai saye yana da farashi biyar a waya cikin minti goma, kuma bai san bambancin batir da batir ba, mafi arha yake bi. Wanda ya karya farashi, ga kuɗin talla a kansa, dole ya fanshe a wani wuri, kuma wurin da ido ba ya gani ne: waya siririya, batirin da aka sake wa fenti, faifan da lambar da ke jikinsa ta fi ƙarfinsa. Wata shida ake yi kafin a gane.

Ba za a hana tallan haƙƙinsa ba. Ya buɗe ƙofa ga matashin da ya iya aiki amma ba shi da ubangida a kasuwa, ya ba mata masu kamfanonin share-share da ƙawata gida hanyar samun ciniki ba tare da zaman shago ba, ya kuma tilasta wa masu sana'a nuna aikinsu da faɗin farashi a sarari. A ganina amfaninsa na gaskiya shi ne shiga unguwar da ba a san ka ba. Gida ɗaya da aka yi wa aiki mai kyau a layi yakan jawo na kusa da shi ba tare da an sake biyan kowa ba, kuma waɗanda suka daɗe a harkar su ne masu adana lambar duk wanda suka yi wa aiki, masu komawa duba batir ba a kira su ba, masu bidiyon da fuskarsu da shagonsu ke ciki. Wanda bayan shekara biyu har yanzu kowane aikinsa daga talla yake zuwa, ya kamata ya binciki aikin nasa.

Kuɗin shiga harkar kuma ƙaruwa yake. Tun Janairun 2022 Meta ke ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan Najeriya. Mai biyan kuɗin haɓaka talla ta cikin manhajar iPhone yana iya haɗuwa da ƙarin kashi 30 na Apple, wanda ake kauce wa ta hanyar biya a burauza. Naira da ke kusan 460 a dala a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kayan sola kuma daga waje suke zuwa. Shafin da aka shekara ana ginawa ana iya rufe shi da safe ɗaya ba wanda za a kai wa kuka. Dandalin kansa ma ba tabbas gare shi ba: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma bayan tarar dala miliyan 220 da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci Meta a Yulin 2024, kamfanin ya yi barazanar a 2025 cewa zai iya dakatar da Facebook da Instagram a ƙasar.

Da yake gwanjo ne, kowane sabon mai talla da ya shigo Kano yana ɗaga farashin idon mutanen Kano ga duk sauran. Masu jarin da za su riƙe talla wata da watanni, su ɗauki mai amsa saƙo da mai ɗaukar bidiyo, su ne za su iya jure wannan hauhawa. Ƙananan da suka shigo da fatan tsayawa da ƙafarsu, da yawansu za su koma karɓar aiki daga hannun waɗancan manyan shafuka a kan kuɗin yini, sunan wani a jikin rigar da suke sawa su hau rufi.