Horon Man O' War da Nauyin da ke Kan Jagora

Gabatarwa

Duk mai bi ta Sabo Yaba zuwa Akoka ya saba ganin ɗalibai 'yan Man O' War cikin kakinsu. Wanda kuma ya shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Iyana Ipaja, kusa da Agege, ya san hawan igiya da tsallake katanga. Wannan muƙala za ta duba asalin horon, da yadda jagora ke kare ran waɗanda aka damƙa masa.

Asalin Horon

A 1941 ne Kurt Hahn da Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Birtaniya, domin koya wa matasan ma'aikatan jirgin ruwa juriya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1951 Alec Dickson ya kafa irinta a gaɓar Man O' War Bay, kusa da garin Limbe na Kamaru, inda sunan ya samo asali. Daga baya cibiyar ta dawo Nijeriya, ta buɗe makarantar hawan dutse a tsaunukan Shere da ke Jos, da ta ruwa a Apapa.

Aikin Jagora

Manufar horon ita ce ɗalibi ya ji tsoro ya kuma danne shi, ba ya faɗa haɗari ba. Saboda haka jagora na gari yakan kula da abu huɗu.

Na farko, ya tambayi lafiyar kowa tun kafin a fita, musamman masu asma ko sikila ko farfaɗiya. Na biyu, ya duba igiya da kwalekwale da hannunsa, kada kuma wani ya hau ruwa babu rigar ceto, ko da gwanin iyo ne. Na uku, ya ƙirga mutanensa a wurin tashi da wurin hutu da wurin sauka. Na huɗu, ya tanadi ruwan sha da akwatin magani, ya riƙe lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767.

Kammalawa

Abu mafi wuya shi ne cewa "yau an fasa". In hadari ya haɗo, ko yaro ɗaya ya fara jiri, za a yi gunaguni, ga kuɗin mota an riga an biya. To amma masu iya magana sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ɗalibi arba'in aka fita da su, arba'in iyaye ke jira.