Ɗakin Magani na Masu Kwanciya Asibiti, da Aikin Shugabansa

Yau za mu yi magana a kan wani ɗaki wanda yawancinku ba ku taɓa shiga ba, ko da kun sha jinya a asibiti. Watau ɗakin magani na majiyyatan da aka ba gado. Ku kan ga likita ya zagayo da safe, ku ga nas ta kawo ƙwaya ko allura, amma ba ku kan ga wanda ya tanadi maganin nan ba. To, shi ne shugaban ɗakin magani. In ya yi sakaci, duk ƙwarewar likita ta tashi a banza.

Shugaban nan ba mai sayar da magani ba ne kamar na kasuwa. Mutum ne wanda ya yi karatun haɗa magunguna a jami'a, ya kuma sami lasisi daga hukumar da ke kula da masu wannan sana'a a Nijeriya, wadda aka sabunta dokarta a 2022. A ƙarƙashinsa akwai 'yan'uwansa masu haɗa magani, da mataimaka, da mai tsaron sito, da akawu. Shi ke raba musu aiki, dare da rana, domin ciwo ba ya jiran gari ya waye.

Aikinsa na farko zaɓe ne. Magunguna a duniya dubbai ne, ba asibitin da zai iya ajiye su duka. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magungunan da ba a iya yi sai da su, Nijeriya kuma tana da nata jerin. Shugaban ya kan zauna da likitoci da manyan nas-nas, su duba cututtukan da suka fi kawo mutane, su tsai da abin da za a riƙa saye. Sa'an nan ba ya saye sai daga hannun wanda ke da izini, ya kuma duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Kada ku ɗauki wannan wasa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa wajen magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. A 2008 wani maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da ruwa mai guba, ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan.

Aiki na biyu lissafi ne. Kowane magani yana da katinsa a sito. Abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta, ko a kati ko a kwamfuta. Ga misali. A ce asibiti ya kan ƙarar da kwalabe 300 na allurar zazzaɓin cizon sauro a wata, oda kuwa ta kan yi wata 2 kafin ta iso. Ke nan ana bukatar 600 kafin sabon kaya ya zo. A ƙara 300 na ko-ta-kwana, ya zama 900. Da zarar kati ya nuna saura 900, sai a tura oda, ba a jira sai kanta ta zama wayam. Da damina kuwa, lokacin da zazzaɓi ke yawa, sai a ɗaga lissafin tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin sayen maganin ma amana ne. Asibitoci da yawa suna bin tsarin asusun magani mai juyawa, wanda ya bazu a Afirka bayan taron Bamako na 1987. Ma'anarsa, kuɗin da aka samu daga magani shi za a mayar a sayo wani. In aka ɗebi kuɗin nan aka yi wata hidima da shi, bayan 'yan watanni sai a fara ce muku "babu, ku je waje ku saya."

Aiki na uku ajiya ce. Zafi da laima da hasken rana su ne abokan gaban magani. Yawancin ƙwayoyi ana so a ajiye su a inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba, ku kuwa kun san yadda bazara ta ke a ƙasarmu. Waɗansu sai a firiji, tsakanin digiri 2 da 8: insulin na masu ciwon sukari, da alluran rigakafi, da oksitosin wadda ke tsai da zubar jini bayan haihuwa. In oksitosin ta daɗe cikin zafi ƙarfinta ya kan ragu, alhali kwalbar ba ta sāke kama ba. Saboda haka a kan duba ma'aunin zafin firiji safe da yamma a rubuta, a kuma yi tanadin janareto ko hasken rana don ranar da aka ɗauke wuta. Ƙanƙara ma ɓarna ce, domin insulin in ta daskare ta lalace. A kan kanta kuwa, wanda ranar lalacewarsa ta fi kusa shi a ke sa wa gaba, ya fara fita.

Akwai kuma magunguna masu haɗari, irin su mofin da fetidin, masu kashe zafin ciwo mai tsanani. Waɗannan suna cikin kabad mai kulle, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya sananne. Kowace allura sai an rubuta sunan majiyyaci da na likita da na wadda ta yi ta, a kuma ƙidaya saura lokacin miƙa aiki. In ɗaya ta ɓace, lalle sai an bi sawunta.

Aiki na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne duba takardar likita kafin magani ya fita. Likita mutum ne, ya kan gaji, hannunsa kuma ya kan yi wuyar karantawa. Mai haɗa magani zai duba suna, da nauyin majiyyaci, da yawan maganin, da ko zai yi faɗa da wani da a ke ba shi. Dubi allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani. Babba a kan ba shi miligiram 2.4 a kowane kilo na nauyinsa, yaron da bai kai kilo 20 ba kuwa miligiram 3. Yaro mai kilo 15 zai sami 45, babba mai kilo 60 zai sami 144. In aka ga lissafi bai daidaita ba, sai a koma wurin likita a tambaya. Shugaba nagari ya kan koya wa yaransa kada su ji tsoron tambaya, kada kuma su ɓoye kuskure. Kuskuren da aka faɗa shi a ke gyarawa, wanda aka ɓoye kuwa zai sāke faruwa a kan wani.

To, ku fa, mene ne naku? Ranar da aka ba ɗan'uwanku gado, ku kawo duk maganin da ya ke sha a gida, har da na gargajiya, ku nuna. In wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi, ku faɗa. Kada ku ba shi jiƙo ko ƙwaya a ɓoye bayan nas ta juya baya, domin mai yiwuwa ya yi karo da na asibiti. In an ce ku sayo a waje, ku je kantin magani mai rajista, ku kawo a duba kafin a yi amfani da shi. Ranar sallama kuma kada ku fita sai kun fahimci yadda za a sha kowane magani, sau nawa, har kwana nawa.

In kuka ga an ɗan jinkirta a tagar ɗakin magani, ku yi haƙuri, ana duba takardar ɗan'uwanku ne. Sai mako mai zuwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.