Allon Huɗa da Allon Alƙalami: Yadda Ake Gane Allon Bekta a Tsofaffin Akwatunan Wasa



Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli manomin Bagwai yana huɗa, to ya riga ya san rabin abin da zan faɗa yau. Yakan fara daga bakin gona, ya kai kunya ƙarshenta, sa'an nan ya ɗauki ta biyu, ba ya tsallake ko taki ɗaya har gona ta ƙare. Haka tsohon talabijin mai ƙeya yake aiki. A cikin tulun gilashinsa akwai siririn zaren lantarki da ke fitowa daga wuya ya bugi fuskar allo, inda ya buga ya yi haske. Maganaɗisu ke jan zaren nan layi bayan layi, har layi 625 a tsarin da tashoshinmu suka bi, ko da abin nunawa ko babu.

Amma akwai wani allo dabam, wanda aikinsa ya fi kama da na malami mai rubutu. Alƙalami ba ya bin allo duka. Yakan tafi inda harafi zai zauna, ya ja, ya ɗaga, ya nufi na gaba. Wannan shi ake kira allon bekta, kuma an yi yayinsa a Amurka cikin akwatunan wasa na tsaye, waɗanda ake jefa wa sulalla kafin a yi wasa. Kamfanin Cinematronics ya buɗe ƙofa a 1977 da wasan Space Wars na Larry Rosenthal. Atari ya biyo baya a 1979 da Lunar Lander da Asteroids, wanda aka sayar da akwatunansa kimanin 70,000. Zuwa 1985 yayin ya wuce, domin allon alƙalami bai iya cike fili da launi ba, kuma idan layuka suka yi yawa sai hoto ya riƙa ƙyaftawa.

To, yaya ake gane shi? Da ido ake farawa. Layin da ya karkace a allon huɗa yana da haƙora kamar matakala, na bekta kuwa santal yake, bayansa baƙi ƙirin. Harsashin Asteroids yana walƙiya har ya ɗauki ido, saboda zaren ya ɗan dakata a wuri guda. Sai dai a yi hattara da launi. Koren Battlezone na 1980 ba na allon ba ne, leda ce mai launi aka shimfiɗa a kan allo fari da baƙi. Allo mai launi na gaskiya sai a Tempest na Atari da Space Fury na Sega, duka a 1981, kuma layinsa bai kai na fari da baƙi kaifi ba, domin sai zaren ya ratsa wani rariyar ƙarfe kafin ya isa gilashi.

A nan ne ido yake ƙarewa, sai a buɗe bayan akwati a karanta lambar da ke jikin ƙarfe, gama sunan wasa ba ya nuna allon da ke ciki. Cikin fari da baƙi na Atari za a tarar da Electrohome G05 na Kanada ko Wells-Gardner 19V2000 na Shikago, kuma 'yan uwan juna ne. Na Cinematronics kuwa bare ne: lambobi tsura kwamfutar wasan ke aiko masa ta wata faffaɗar waya, shi da kansa yake mai da su motsin zare. Wanda ya haɗa shi da kayan Atari kai tsaye, asara zai yi.

Masu launi uku ne, kowanne da cutarsa. Wells-Gardner 6100 na Tempest ya fi yawa, rauninsa yana sashen da ke daidaita ƙaramar wuta. Amplifone, wanda aka sa a akwatuna da yawa na Star Wars a 1983, ya fi shi sauri da tsabtar layi, amma jan taransifomansa mai ɗaga wuta ya yi suna wajen mutuwa. Electrohome G08 na Sega kuwa, har yau masu tara tsofaffin kaya suna yi masa ba'a da cewa yakan kama da wuta. A ganina, mai neman kyan hoto ya nemi Amplifone, mai neman wanda zai sami kayan gyaransa ya riƙe 6100.

Dalilin wannan yawan ciwo ɗaya ne. Talabijin ya san hanyarsa, kullum ita yake bi. Allon bekta kuwa kowane lokaci ana fizgar zarensa zuwa sabon wuri, taransistocin da ke wannan aiki suna zafi ƙwarai. Idan kuma umurnin motsi ya yanke, zaren zai tsaya cik a tsakiya ya ƙone gilashi. Don haka allunan Atari suke da wata da'ira mai kashe zaren nan take, da 'yar jar fitila mai nuna ta yi aiki. Mai gyara da ya ga fitilar nan a kunne, kada ya ƙara haske don neman hoto, domin an daina ƙera irin wannan tulu. Kuma kada ya kai hannu bayan allo sai ya sauke wutar da ke ciki, wadda a mai launi takan kusa bolt 20,000, tana kuma iya zama a tulun bayan an zare soket.