Kafin Ka Rataya Fitilar Batir a Inda Dabbobi Ke Cin Abinci da Dare

A manyan gonakin jihar Teksas ta Amurka an saba ganin duro cike da masara, a ɗore kan ƙafafun ƙarfe uku, da 'yar na'ura a gindinsa mai watsa hatsin a ƙasa safe da yamma, daidai lokacin da aka saita mata. Barewa ake zuba wa, amma aladen daji ba sa jiran gayyata. An ƙiyasta yawansu a ƙasar da kusan miliyan 6, ɓarnar da suke yi kuwa ta haura dala biliyan 1.5 a shekara. Da dare suka fi fitowa. Shi ya sa masu gona da maharba ke rataya wata ƙaramar fitila mai batir a jikin duron, ta haska wurin ba tare da ta firgita abin da ya zo ci ba. Wasu don harbi suke yi, wasu don kallo da ɗaukar hoto kawai. Ana sayar da fitilar a kanti, amma da yawa da hannunsu suke haɗawa, don kayanta ba su taka kara sun karya ba.

Kayan nan duka suna nan jibge a kasuwanninmu, kuma hannun da zai haɗa su ba ya ƙaranci. Wanda ya taɓa ganin fitilar da samari ke yi da tsohon faifan CD, da ƙananan ƙwayayen LED, da batiran tocila a ɗan akwatin katako, ya san haka. Mai kiwon kaji, mai tattabaru, mai kududdufin kifi, mai garke a bayan gari, kowa na son ganin abin da ke kai-kawo wajen dabbobinsa bayan isha. Haɗa fitilar aikin yini guda ne. Abin da ake sakaci da shi biyu ne: batirin da za a bari a waje babu mai tsaro, da baƙin da hasken zai jawo.

A fara da launi. Fitilun Teksas kusan duka kore ne ko ja, kuma da dalili. Idon ɗan Adam yana da ƙwayoyin gane launi iri uku, na barewa da na alade iri biyu ne, kuma jan haske bai cika yi musu tasiri ba. Kore ya fi bayyana wa mutum abin da ke gabansa, ja ya fi ɓoyuwa ga dabba. Farin haske mai ƙarfi da ya kunnu farat ɗaya tarwatsa su yake yi. Haske kaɗan, a rataye sama yana kallon ƙasa, wanda ba ya motsi, shi ne dabba ke sabawa da shi cikin 'yan kwanaki. A Teksas ma akwai iyaka: doka ta yarda a harbi aladen daji da dare da fitila, tun 2019 ma ba a buƙatar lasisi idan a gonar mutum ne da izininsa, amma haska barewa a harbe ta laifi ne.

Haɗin kansa lissafi ne kaɗan. Ƙwan LED kore ɗan ƙarami yana cin wajen bolt 3, wutar da yake ja kuma amfiya 0.02 ce. Idan aka jera uku a layi ɗaya sun cinye bolt 9. Batirin da ake ce wa mai bolt 12 yakan kai 14 da ɗoriya idan yana kan caji, don haka rarar dole a samar mata mai shanyewa, wato resista, mai om 270 ta wadatar a kowane layi. Wanda ya ƙi sa resista zai ga haske mai ban sha'awa na ɗan lokaci, sai ƙwayayen su ƙone. Layi biyar, wato ƙwayaye 15, suna jan amfiya 0.1. A dare mai awa 12 sun sha amfiya-awa 1.2. Ƙaramin batir irin na UPS, wanda aka rubuta wa 7Ah, bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba in ana son ya yi ƙarko, ke nan dare uku zai yi kafin ya nemi caji. Faifan sola mai wat 10 zai riƙe shi, da sharaɗin a sa na'urar daidaita caji tsakaninsu.

Don fitilar ta kunna kanta da magariba ta mutu da asuba, ana sa mata ɗan ido mai jin haske, wanda masu sayar da kayan rediyo ke kira LDR. A juya shi nesa da fitilar. In ba haka ba haskenta zai faɗa masa, ya ɗauka gari ya waye ya kashe ta, duhu ya dawo ya sake kunnawa, haka za su kwana. Akwai kuma mai jin ɗumin jiki idan ya gitta, irin na fitilun ƙofar gida, wanda ya fi tattalin batir.

Yanzu ga inda ake tafka kuskure. Mutane na raina bolt 12 saboda ba ya jan mutum. Gaskiya ne ba ya ja. Amma idan wayar + da wayar – suka haɗu kai tsaye, batirin mota na iya turo ɗaruruwan amfiya a take, kuma ƙaramin ma abin da zai turo ya isa waya ta yi ja wur, robarta ta narke ta kama wuta. A cikin ɗaki wani zai ji ƙauri. A bayan gari, cikin busasshiyar ciyawa da iskar hunturu, kusa da rumbu ko tarin harawa, sai dai a wayi gari da toka. Kuma wurin abincin dabbobi shi ne matattarar ɓeraye, su kuwa sana'arsu gwaguyar waya. Maganin duk wannan fiyus ne mai amfiya 1, wanda kuɗinsa bai kai na katin waya ba. A sa shi dab da kan batir mai alamar +, ba can kusa da fitila ba, don duk wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da kariya. Idan ya tsinke, a nemo dalili. Al'adar nan ta naɗe tsinkakken fiyus da zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, sannan in gobara ta tashi a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba ta da wurin zama a nan. A zura wayoyin cikin bututun roba, a ɗaga su daga ƙasa, a ɗaure mahaɗa da kyau, a bar murɗa waya da yatsa a liƙe da leda.

Batirin dalma, na mota ko na babur ko na UPS, yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, musamman in cajin ya wuce kima. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ta fashe. Mai tsoron ruwan sama yakan saka batir cikin bokitin fenti ya rufe ruf. Kuskure ne. A huda akwatin ta gefe, can sama ƙarƙashin murfi, yadda iska za ta fita ruwa ba zai shiga ba, a toshe hudar da ragar sauro saboda tururuwa da kunama. Ruwan batir kuma asid ne. Idan ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon aƙalla minti 15, a nufi asibiti.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne batirin litiyam da ake ɓarewa daga tsohuwar laftof, mai kama da batirin tocila, wanda ake kira 18650. Yana da arha, yana riƙe wuta, shi ya sa samari ke sonsa. Amma ba ya yafe kuskure. Kowane ɗaya iyakar cajinsa bolt 4.2, kuma masu ƙera shi sun hana a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inuwa ma takan haura 40 a watan Afrilu, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ta wuni tana duka, a daidai lokacin da sola ke tura masa wuta. Idan ya kama, feshin wuta yake yi, ya kunna na kusa da shi. Wanda ya dage sai shi, to kada ya haɗa ba tare da allon kariya da ake kira BMS ba, kada ya ɗora kan gogar haɗa waya a jikinsa ya daɗe, kuma duk wanda ya kumbura, ya lotse, ko fatarsa ta yage, a cire shi. A ganina, ga fitilar da za a bari a daji, batirin dalma rufaffe ya fi kwanciyar hankali duk da nauyinsa.

Sai baƙin da ba a gayyata ba. Kowa ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko. Ƙwari na jawo kwaɗi, zubabben hatsi na jawo ɓeraye, su biyun kuma abincin maciji ne. Mutanen Kaltungo a jihar Gombe, inda akwai asibitin masu saran maciji, ba sa buƙatar a yi musu bayanin kububuwa. Farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi tara ƙwari, ja da ruwan ɗorawa sun fi sauƙi. Kada a kafa irin wannan wuri kusa da ɗakin kwana ko hanyar da yara ke bi, kuma mai zuwa duba batir da dare ya sa takalmi rufaffe, ya riƙe tocila.

Ciyar da naman daji kansa abin dubawa ne. Jihohi da dama a Amurka sun hana ko sun taƙaita zuba wa barewa abinci, saboda cunkoso a wuri ɗaya na yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da su har su mutu, wadda ba ta da magani. Wanda ya je sansanin Wikki a Yankari ya ga yadda gwaggon biri ke ƙwace abinci a hannun baƙi. Dabbar da ta saba samun abinci wajen mutum tsoronsa take dainawa.

Idan kuwa kora ake nufi, wannan fitilar ba ita ba ce. Richard Turere, wani yaro Bamasaye daga Kitengela, a gefen gandun dajin Nairobi na Kenya, yana ɗan shekara 11 ya lura zakuna ba sa tsoron wutar da ke tsaye wuri ɗaya, amma suna gudun tocila mai yawo. Sai ya haɗa tsohon batirin mota, da akwatin sigina na babur, da ƙwayayen fasassun tociloli, da faifan sola, ya jera su kewaye da shingen shanun mahaifinsa suna walƙiya bi da bi, kamar mutum na zagaye. A 2013 ya bayyana dabarar a dandalin TED, kuma makiyaya da yawa sun kwaikwaya. Mai fama da kura ko dila, haske mai walƙiya da ke kallon waje yake buƙata. In ya sa mai tsayawa cak yana kallon garke, ya haska wa ɓarawo hanya ne.

Batirin dalma da ke aiki a waje shekara biyu ko uku zai yi ya mutu. Kada a fasa shi a gida don a ciri dalmar, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kada a bar ɓawonsa yara su yi wasa da shi. Mutanen Zamfara sun san gubar dalma tun 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A Thiaroye-sur-Mer, wajen birnin Dakar na Sanagal, daga batir ta fito kai tsaye: tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar da ake fasa tsofaffin batira ana tankaɗe ƙasarsu a cikin gidaje. Dabbobi ma ba su tsira ba, shanu na lasar fasasshen batir in sun same shi a makiyaya, kuma yana kashe su. A mayar da mataccen batir ga mai sayarwa a rufe yadda yake, galibi za su karɓa su rage kuɗin sabo.