Samar da lantarki daga iskar sama: dubarar fiffike mai igiya

Wannan ƴar takarda tana bayani ne a kan wani reshe na binciken makamashi wanda ba a cika tattauna shi a sassanmu ba, wato cin moriyar iskar da ke kaɗawa can sama ba tare da an gina hasumiya ba. Tushen maganar ƙa'ida ce da kowane ɗalibin fizik ya sani: ƙarfin da ke cikin iska yana bin saurinta ninki uku (v³). Idan saurin ya ninka sau 2, ƙarfin ya ninka sau 8 ke nan. Iskar da ke metir 300 ko 500 daga ƙasa ta fi ta kusa da ƙasa gudu da ɗorewa, saboda itatuwa da gidaje da tuddai ba su tare ta. Amma hasumiyar ƙarfe mai irin wannan tsawo, kuɗinta ya fi amfaninta.

Jan kaya da abin da ake kira cerf-volant da faransanci tsohon abu ne. A Ingila, wani malamin makaranta na Biristol mai suna George Pocock ya yi rajistar keken da irin wannan fiffike ke ja tun a 1826. Sai dai lissafin da ya buɗe fagen na yanzu ya fito ne a 1980, daga injiniyan Amurka Miles Loyd. Abin da ya nuna shi ne, fiffiken da ke tsaye wuri ɗaya a sama ba ya jan igiyarsa sosai; wanda kuwa ke gilma iska yana zagaye, yakan yi gudun da ya ninka na iskar sau da yawa, jansa kuma ya ƙaru ƙwarai. A farfelar da muka saba gani ma, ƙarshen reshe ne ya fi gudu, shi ne kuma ke ba da mafi yawan ƙarfin. To, a bar ƙarshen reshen kaɗai ya tashi, igiya ta maye hasumiya.

Ga lissafin Loyd: P = (2/27) ρ A v³ CL (CL/CD)². A nan ρ nauyin iska ne a kowane metir kub, A faɗin fiffike, CL ma'aunin ɗagawa, CD ma'aunin tirjiya. Rabon CL/CD shi ne finesse. Mu ɗauki ρ = 1,2, A = 10, v = 10, CL = 1. Da finesse 10 za mu samu kusan kilowat 89. Da finesse 5, kusan 22 kawai. Mu lura da wannan da kyau, domin nan ne wahalar take. Ita ma igiyar tana yanka iska, tirjiyarta kuma tana ƙaruwa da tsawonta da kaurinta, sai ta rage finesse ɗin. Ban da haka, igiyar ba ta kwance daidai da iska: idan ta ɗaga da digiri 30, ana ninka sakamakon da cos³ 30°, wato 0,65, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Saboda haka ƙara tsawon igiya ba kullum yake zama riba ba.

Loyd ya bambanta hanyoyi biyu. A ta farko dinamo yana ƙasa. Fiffike na jan igiya, igiya na warwaruwa daga ganga, ganga na juya dinamo. Lissafi ya nuna warwarar ta fi amfani idan saurinta kashi ɗaya cikin uku ne na saurin iska. Da igiya ta ƙare sai a karkata fiffiken ya daina ja, a naɗo shi da ɗan ƙarfi kaɗan, a sake. Kamar jan guga ne, sai dai a nan zurawar ce ke ba da riba. Wannan hanya ce jami'ar Delft ta Holand ta bi, inda ɗan sama jannati Wubbo Ockels ya kafa ƙungiyar bincike bayan dubararsa ta Laddermill ta 1997, ita ce kuma kampanin SkySails na Hambur ya bi. Shi wannan kampani da jiragen ruwa ya fara: a 2008 jirgin Beluga SkySails ya ratsa tekun Atlantika da fiffike mai faɗin metir kare 160 yana taimaka wa injinsa.

A hanya ta biyu ƙananan farfeloli da dinamo suna bisa fiffiken, lantarki ya sauko ta cikin igiya. Kampanin Makani, wanda Google ya saya a 2013, ya ƙera M600: fiffike mai tsawon metir 26, farfela 8, an tsara shi don kilowat 600. A 2019 an gwada shi a tekun Norwej, ya faɗa ruwa wajen sauka, a 2020 aka rufe aikin. Abin yabo, sun saki rahotanninsu ga kowa, kuma a ganinmu duk mai son shiga wannan fage daga nan ya kamata ya fara. Igiyar da ke ɗauke da waya dole ta yi kauri da nauyi, kuma mun ga abin da kauri ke yi wa lissafi. Akwai kuma waɗanda suka gwada ɗaga farfela da balan-balan na heliyom, kamar Altaeros a Amurka da Magenn a Kanada. Waɗannan ba su gilma iska, don haka ba su cin ribar da Loyd ya nuna.

Me ya haɗa mu da wannan? A kudancin Nijar iskar ƙasa ba ta da ƙarfi a yawancin shekara. Amma awon da aka yi a Yamai cikin shirin AMMA a 2006 ya nuna cewa da dare wata iska mai gudu takan kafu a ƴan ɗaruruwan metir sama da ƙasa, ta watse bayan rana ta ɗaga. Wannan shi ne tsawon da waɗannan na'urori ke aiki, kuma a lokacin da faifan hasken rana ba ya ba da komi. Sai dai a sa a lissafi cewa guguwar da ke gaban hadari a damina tana zuwa farat ɗaya, dole na'ura ta iya sauke fiffikenta da kanta kafin ta iso. Ƙurar hunturu da zafin rana suna cin yadi da igiya. Kuma sararin da fiffiken ke zagayawa sai da izinin hukumar zirga-zirgar jiragen sama.